Ɗora Kan Wani Inji a Bulok ɗin Wani: Yaushe Yake Yiwuwa, Yaushe Yake Kashe Mota?

Duk mai yawan kallon bidiyon gyaran motoci a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da irin wannan: an ajiye bulok ɗin wani inji, an ɗauko kan wani injin dabam an kifa masa, an ɗaure, an tayar, sai ga mota tana ruri kamar ta tsere. Bidiyon bai wuce minti ɗaya ba, amma aikin da ke bayansa yakan ci makonni.

A garejojin Kano da Kaduna kuwa ba tsere ne ke kawo wannan magana ba. Mota ce ta yi zafi a hanya, gaskit ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe ko ya tsage. An sauke inji za a yi masa garambawul, an shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wani kan, sai mai kaya ya ce babu irinsa sak, amma ga wani nan, "ai duk ɗaya ne." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma wannan magana ce za ta sa a sake sauke injin kafin wata ya zagayo, an yi asarar kuɗin kaya da kuɗin aiki, an ƙara da fistin da bawul da suka lalace.

Me kan inji yake yi?

Inji kashi biyu ne manya. Na ƙasa shi ne bulok, inda ramukan silinda suke, fistin na hawa da sauka a ciki yana juya karanshaf. Na sama shi ne kan inji, wanda makanikai ke kira top. Shi ne murfin silinda, amma aikinsa ya wuce na murfi. A cikinsa bawul suke, masu buɗe wa iska da fetur hanya su shiga, da masu buɗe wa hayaƙi ya fita. A cikinsa filogi yake. A yawancin motocin yanzu kamshaf ma a kansa yake zaune. A ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan kwarmi a saman kowace silinda, wato ɗakin ƙuna, inda ake matse iska da fetur kafin wuta ta tashi.

Sannan akwai hanyoyin da ido ba ya gani sai an kifa shi: ramukan ruwan lagireto da na baƙin mai da ke tasowa daga bulok su ratsa gaskit su shiga kai. Kowane rami a bulok yana da abokinsa a kai. Idan ɗaya ya kauce, ko dai ruwa ya tsaya, ko mai ya tsaya, ko su haɗu da juna.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa

Kamfanonin mota ba sa zana kowane inji daga farko. Gida-gida suke yin su. Sukan tsayar da tazarar da ke tsakanin silinda da silinda da wuraren ƙusoshin ɗauri, sai su riƙa sauya tsawon tafiyar fistin ko faɗin rami don a samu ƙarami da babba. Misali Toyota 4A da 7A da aka sa wa Corolla a shekarun 1990: faɗin raminsu ɗaya ne, milimita 81. Bambancin shi ne fistin na 4A yana tafiyar milimita 77, na 7A kuma 85.5, shi ya sa ɗaya yake lita 1.6 ɗaya kuma 1.8. Wannan kusanci ne ya sa masu son gudu ke ɗora kan 4A-GE a bulok ɗin 7A-FE. Amma ko a nan, bulok ɗin 7A ya fi tsayi, don haka bel ɗin tayimin na 4A-GE ba ya kaiwa, sai an nemo wani.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne suna. 1ZZ-FE da 2ZZ-GE duk lita 1.8 ne, duk an sa su a Corolla da Matrix da Celica, lamba ɗaya da harafi ɗaya ne suka raba sunayensu. Amma ramin 1ZZ milimita 79 ne, na 2ZZ kuma 82, kuma da haɗin gwiwar Yamaha aka yi 2ZZ a kan wani zane na dabam. Ba a ɗauke kan wannan a kifa wa wancan.

Abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne inji mai suna ɗaya sak. Corolla 'yar Amurka ta 1998 da 1999 tana da 1ZZ-FE marar VVT-i. Daga 2000 aka ƙara masa VVT-i, wato tsarin da ke amfani da matsin mai yana ɗan juya kamshaf gaba ko baya gwargwadon gudu. Sunan bai sauya ba, amma sabon kan yana da bawul na sarrafa mai da giya ta musamman a bakin kamshaf, waɗanda tsohon ba shi da su. A sa tsohon kai a motar 2001, kwamfutar motar za ta yi ta neman abin da babu, ta kunna fitilar gargaɗi. A sa sabon kai a motar 1999, babu wayar da za ta ba shi umarni. Mai kaya da ya ce "duk 1ZZ ne" bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba.

Darasi daga Honda: haɗin LS/VTEC

Babu haɗin da aka fi sani a wannan fage kamar wanda masu gyaran Honda, musamman a Amurka, suka yi wa suna LS/VTEC. Ya dace a tsaya a kansa, domin kusan duk matsalar da ake iya samu a sauyin kai tana cikinsa.

A 1989 Honda ta fito da B16A a cikin Integra a Japan, injin farko mai VTEC. Lita 1.6 ne kawai, amma yana ba da ƙarfin doki 160, wato 100 a kowace lita, abin da ya girgiza masu mota a lokacin. Sirrin yana kai: kamshaf ɗin yana da ƙananan tudu na tafiyar yau da kullum da babban tudu na gudu. Idan inji ya kai wani juyi, kwamfuta ta buɗe wa mai hanya, matsin man ya tura wani ɗan ƙarfe ya kulle hannayen da ke danna bawul, sai su koma bin babban tudun, bawul su buɗe sosai su kuma daɗe a buɗe.

A gefe guda kuma akwai B18A da B18B na Integra LS, lita 1.8, marasa VTEC. B18B yana ba da doki wajen 140, amma ya fi ƙarfin ja a ƙananan juyi saboda fistin ɗinsa na tafiyar milimita 89, inda na B16A ke tafiyar 77.4. Faɗin raminsu kuwa ɗaya, milimita 81, ƙusoshin ɗauri goma kuma suna faɗawa wuri ɗaya. Sai tunani ya zo: me zai hana a haɗa ƙarfin jan wannan da numfashin wancan?

Kan yana zama, ƙusoshi suna shiga. Daga nan ne aiki ke farawa.

Na farko, mai. Bulok mai VTEC yana da hanyar mai ta musamman da ke hawa kai ta ciyar da tsarin. Bulok ɗin LS ba shi da ita a wannan wuri. Dole a toshe ramin da ke ƙarƙashin kan, a jawo bututun mai ta waje daga jikin bulok zuwa kai. Wanda ya tsallake wannan ya sayi VTEC da ba zai taɓa buɗewa ba, ko kuma ya samu mai yana tsiyaya ta gefen gaskit.

Na biyu, fegi. Akwai 'yan gajerun fegi biyu na ƙarfe da ke tsayar da kai daidai a kan bulok kafin a ɗaure. Ramukansu a kan VTEC ba su dace da na bulok ɗin LS ba, sai an faɗaɗa rami ko an sa fegi na musamman da aka yi don wannan haɗi. Wasu kan jefar da su su ce ai ƙusoshi za su riƙe. Ƙusoshi suna matsewa ne, ba sa saita wuri. Kaucewar da ba ta kai milimita ɗaya ba ta isa ta sa bakin gaskit ya leƙo cikin silinda inda wuta za ta cinye shi.

Na uku shi ne wanda bidiyo ba ya nunawa. An yi kan B16A ne don ya yi aiki har juyi 8,000 a minti, an kuma yi ƙasan LS don ya tsaya wajen 6,800. Lissafin ba wuya: fistin mai tafiyar milimita 77.4 a juyi 8,000 yana gudun kusan mita 20.6 a daƙiƙa. Mai tafiyar milimita 89 ya kai mita 20 tun yana juyi 6,800, idan kuma aka kai shi 8,000 sai ya haura mita 23.7. Kai na cewa a ci gaba, ƙasa na cewa ta gaji. Ga shi bulok ɗin LS ba shi da 'yan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi kamar yadda bulok masu VTEC suke da su. Shi ya sa masu yin aikin da kyau ke sauya ƙusoshin sandar fistin da masu ƙarfi, su kuma sa wa kwamfuta iyakar juyi. Waɗanda ba su yi ba su ne suka jawo wa haɗin sunan inji marar tsawon rai.

Haka ake yi da B20 na Honda CR-V ta farko, wadda har yanzu ake gani a titunan Najeriya. Raminsa milimita 84 ne, don haka gaskit na faɗin bulok ake bi, ba na kai ba. Haka ma haɗin K24 da K20: bulok ɗin lita 2.4 irin gidan injin Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake wa laƙabi da EOD, yana da rami 87, K20 kuma 86.

Cc biyu ko uku da ke sauya komai

Ko da ba gudu ake nema ba, wannan sashe ya shafi duk mai sauya kai. Matsin inji shi ne sau nawa ake matse iska daga lokacin da fistin yake ƙasa zuwa lokacin da ya kai sama. Idan an ce 9.2:1, an matse ta sau tara da ɗan ɗoriya. Girman ɗakin ƙuna da ke cikin kai ne babban abin da ke yanke wannan.

A ɗauki B18B. Kowace silinda tana share kusan cc 458, matsinsa kuma 9.2:1, wato sararin da ya rage a sama idan fistin ya ƙure kusan cc 56 ne. A ɗora kan da ɗakinsa ya fi ƙanƙanta da cc biyu da rabi kacal, abin da bai fi rabin ƙaramin cokalin shayi ba, matsi zai tashi zuwa kusan 9.6:1. A rage cc biyar, ya kai 10:1.

Ƙarin matsi yana ƙara ƙarfi, amma yana neman fetur mai jure matsi. Idan bai samu ba, sai fetur ya riƙa fashewa da kansa ba a kan tsari ba, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu ko da kaya. Wannan ƙara tana cin saman fistin da ringi da gaskit a hankali. A Amurka ko Turai mutum zai koma sayen fetur mai daraja ta sama. A yawancin gidajen mai na Arewa kuwa fetur iri ɗaya ne a famfo, ga zafin watan Afrilu a kai. Don haka haɗin da ya zauna lafiya a bidiyon wani ɗan Kalifoniya ba lallai ya zauna lafiya a hanyar Zariya ba.

Akasin haka ma matsala ce, sai dai mai sauƙi: kan da ɗakinsa ya fi girma yana rage matsi, mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, a yi ta zargin injekta da filogi alhali ba laifinsu.

Kankare fuskar kai da inji, wanda ake yi idan ya lanƙwashe, shi ma yana rage ɗakin ƙuna. A rami mai faɗin milimita 81, cire milimita 0.2 na iya rage kusan cc ɗaya. Littafin gyara na Honda na waɗannan injuna ya sa iyaka: lanƙwasar da ba ta kai milimita 0.05 ba ba ta buƙatar kankara, kuma duk abin da za a cire kada ya wuce 0.2. Matsalar kan da aka sayo na hannu ita ce babu wanda ya san sau nawa aka riga aka kankare shi. Hanyar sani ɗaya ce, a auna tsayinsa a gwada da abin da littafi ya ce. Kan da ya gajarce kuma yana kusanto da kamshaf zuwa karanshaf, wanda ke ɗan jinkirta tayimin ko da alamomi sun yi kamar sun hau.

Fistin da bawul kada su gaisa

A injuna da yawa, ciki har da waɗannan na Honda, bawul da fistin suna amfani da sarari ɗaya ne a lokuta dabam-dabam. Tayimin ne kaɗai ke hana su karo. A saman fistin akan yi 'yan kwarmi daidai girman bawul da kusurwarsa. Sabon kai mai manyan bawul, ko mai buɗe su da zurfi, zai iya samun kwarmin bai ishe shi ba.

Gwajin wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ana shafa ɗan mai, a manna yumɓun roba irin na wasan yara a saman fistin, a ɗora gaskit da kai, a ɗaure, a saita tayimin, a juya inji da hannu zagaye biyu a hankali. Idan aka ji ya cije, a tsaya, kada a tilasta. Sai a buɗe a yanka yumɓun a auna kaurin inda bawul ya danna. Masu haɗa inji sukan nemi kusan milimita 2 a bawul na shigar iska, 2.5 a na fitar hayaƙi. Ga kai mai VTEC ko VVT-i akwai ƙarin tarko: a juyin hannu babban tudu ba ya aiki, giyar kamshaf ma ba ta motsa ba, don haka sai an kulle su a matsayin da suka fi buɗewa kafin gwajin ya zama na gaskiya. Makaniken da ya ce ba ya buƙatar wannan don ya saba, sabonsa da inji na asali ne, ba da haɗin gambiza ba.

Inda waya ke shigowa

Kafin a biya kuɗi, kyamarar waya ta isa ta hana asara. A ɗauki hoton lambar inji da aka buga a jikin bulok, da lambar mota mai haruffa da lambobi 17, da alamar da aka zuba a jikin tsohon kai. A Honda misali, PR3 na B16A ne, P72 na B18C, P75 kuma na LS. A ɗauki hoton ƙasan tsohon kai da gefunansa huɗu: ramukan manifol na iska da na salansa, mazaunin kowace sansa, bakin bututun ruwa. Abin da ya fi hoto ma shi ne a tafi kasuwa da tsohon gaskit, a shimfiɗa shi a kan sabon kai, a bi ramuka ɗaya bayan ɗaya. A kuma yi magana da mai kaya tun farko cewa idan gwajin ruwa ya nuna tsaga za a dawo da shi, domin tsagar da ke tsakanin mazaunin bawul biyu sau da yawa ba ta ganuwa sai an wanke an matsa.

Kwamfutar mota, wadda aka fi sani da biren bos, an tsara ta ne da sanin kan da aka haife ta da shi: yawan iskar da yake shaƙa, lokacin wuta, irin haƙoran da sansar kamshaf ke ƙirgawa. A haɗin LS/VTEC dole a sauya ta da mai sanin VTEC, a ja sababbin wayoyi, a kuma daidaita ta da girman injin. A sauyi na kusa-kusa kuwa, wani lokaci bambancin bai wuce sansa ɗaya ko soket ɗaya ba, amma ya isa ya hana mota tashi.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD2, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Da 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner, waya za ta karanta abin da kwamfuta ke ƙorafi a kai. P0016 na nufin karanshaf da kamshaf ba su yarda da juna ba, wato a koma kan tayimin. P0340 matsalar layin sansar kamshaf ce. P0300 zuwa P0304 inji na tsallake wuta; a P0301 zuwa P0304 lambar ƙarshe na nuna silindar, P0300 kuwa ba ta nuna silinda guda. P1259 a Honda na nufin VTEC bai amsa ba, kuma abin da za a fara dubawa shi ne mai da wayoyinsa. Goge lambar ba gyara ba ne, za ta dawo.

Ɗauri da tayarwar farko

Gaskit sabo ake sawa, ko da tsohon ya yi kyau a ido. Ramukan ƙusoshi a bulok a tsane su tas, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana hana ƙusa kaiwa ƙasa, har yakan tsaga bulok. Ana ɗauri daga tsakiya zuwa gefuna, mataki-mataki, da sufana mai awo, ba da bututun ƙarfe da ƙarfin damtse ba. Injuna da yawa na zamani suna amfani da ƙusoshi masu miƙewa: a 1ZZ-FE ana kai su awon Nm 49, sannan a ƙara juyin digiri 90. Irin waɗannan sai an auna su an ga ba su wuce iyaka ba kafin a maimaita, kuma sabbi sun fi kwanciyar hankali. A haɗin kai da bulok na injuna biyu, a tabbata tsawon ƙusa ya dace: gajeriya tana cin zaren bulok, doguwa kuma tana ƙurewa a ƙasa ta nuna kamar ta matse alhali kan bai zauna ba.

Kafin a sa makulli a juya inji da hannu zagaye biyu, a sake duba alamomin tayimin. Bayan ya tashi, a fitar da iska daga layin ruwa, a bar shi ya yi ɗumi har fanka ta kama, ana kallon zafin ruwa a waya maimakon allurar gaban mota, wadda a motoci da yawa ba ta motsawa daga tsakiya sai zafi ya yi nisa. A buɗe murfin mai a leƙa ko yana kaiwa kamshaf. A kwanakin farko, kowace safiya kafin a tayar, a duba ruwan lagireto da sandar awon mai. Ruwan da ke raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, kumfa a bakin lagireto, ko man da ya koma kalar shayi da madara, kowanne daga cikinsu ya isa a kashe mota a kira makanike ya zo inda take.